Yadda ake ɗaukar masu kula da tsofaffi, da yadda ake riƙe su

Duk mai tafiyar da gidan kula da tsofaffi, ko kamfanin da ke tura ma'aikata gidajen mutane, kukansa ɗaya ne: babu ma'aikata. Yana da gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1 a 2020, za su kai biliyan 1.4 a 2030, sannan biliyan 2.1 a 2050, alhali hannun da zai yi musu wanka ya ba su abinci bai ƙaru da wannan saurin ba. Amma in aka buɗe rajistar ma'aikata ta shekara guda aka duba da kyau, abin da ake tararwa a wurare da yawa shi ne mutane suna zuwa, zama ne ba sa yi. A ɗauki biyar a watan nan, uku su tafi kafin wata uku, a sake buga talla. Ɗibar ruwa da kwando ke nan. Saboda haka aikin ɗauka da aikin riƙewa tare ake tsara su, kuma daga lissafi ake farawa.

Lissafi kafin talla

Ku fara da sanin mutum nawa aikin yake ci. Gurbi ɗaya da dole a samu mutum a kansa dare da rana awa 168 ne a mako. In ma'aikaciya tana yin awa 40, gurbin nan na bukatar mutum 4.2. To amma ba wanda ke aiki mako 52 cur. A ce hutun shekara mako huɗu ne, ranakun hutun gwamnati kusan mako biyu, rashin lafiya da horo su cinye wasu mako biyu ko uku. Abin da ya rage mako 43 ne ko 44, wato sai an ƙara kusan kashi 20 cikin 100 a kan lissafin farko. Gurbi ɗaya na dare da rana ya zama mutum biyar. Wanda ya ɗauki huɗu ya ce ya cike gurbi, da kansa ya shirya kiran mutane daga hutunsu, kuma wannan kiran yana cikin manyan abubuwan da ke korar ma'aikata.

Akwai hanya ta biyu, ta lissafi daga ɓangaren tsofaffin. Ostireliya, bayan rahoton babban kwamitin binciken da ya duba kula da tsofaffi a 2021, ta wajabta matsakaicin minti 200 na kulawa ga kowane mazaunin gida a rana daga Oktoban 2023, minti 40 daga ciki na cikakkiyar nas, sannan ta ɗaga zuwa 215 da 44 a Oktoban 2024. Dokar kowace ƙasa daban ce, amma ma'aunin na taimakawa wajen auna kai. Gida mai mutum 30 a kan minti 200 yana cin awa 100 a rana, 700 a mako. A raba da 40, a ƙara kashi 20, an samu ma'aikata 21. In galibin mazaunan ba sa iya tashi da kansu, ko suna fama da cutar mantuwa, adadin ya wuce haka.

Sai lissafin masu tafiya. A ɗauki yawan waɗanda suka bar aiki cikin wata 12, a raba da matsakaicin yawan ma'aikata, a ninka da 100. Mutum 14 cikin 40 kashi 35 ne. Wannan lamba ita kaɗai ba ta faɗin komai sai an yayyanka ta. Nawa ne suka tafi kafin cika kwana 90? Daga wane sashe? A ƙarƙashin wace shugaba? Masu aikin dare ne ko na rana? Gida biyu na iya samun kashi 35 iri ɗaya, a ɗaya gurbi huɗu ne kawai ake ta shiga ana fita, a ɗayan kuwa tsofaffin hannu ne ke zarewa ɗaya bayan ɗaya. Na farko matsalar zaɓe da tarba ce. Na biyu ya fi muni, domin waɗanda suka san mazauna ciki da bai ne ke tafiya.

Inda ake samun mutane

Talla ta faɗi gaskiya. A rubuta albashi da lamba, a rubuta awoyi, a faɗi ko akwai aikin dare da na ƙarshen mako, a faɗi wurin. Sannan a faɗi aikin da sunansa: wanka, canza famfas ɗin manya, kai mutum bayan gida, ba da abinci a baki, juya wanda ba ya iya juyawa, zama da mai jinyar ajali. Tallar da ta tsaya a kan “taimaka wa dattawa su ji daɗin rayuwa” tana jawo masu nema da yawa, kuma rabinsu za su gudu ranar da suka ga gado ya ɓaci. Gara mutum goma da suka san abin da za su tarar da hamsin da ba su sani ba.

Hanyar da ta fi ba da masu zama ita ce ta bakin ma'aikatanku. Wadda ƙawarta ta kawo ta ta riga ta ji labarin aikin ba ƙari ba ragi, kuma tana da wadda za ta jingina da ita a makon farko. In za a ba da tukuici ga mai kawowa, a raba shi biyu: kaɗan ranar fara aiki, mafi yawa bayan sabuwar ta cika wata shida. In aka biya duka tun ranar farko, za a kawo muku kowa da kowa. Abin lura ɗaya: kada sashe guda ya cika da 'yan gida ɗaya ko ƙawaye zalla, domin ranar da ɗaya ta yi laifi ba mai faɗa, ranar da ɗaya ta yi fushi kuma tare za su tafi.

Akwai rukunin da ake yawan mantawa da su: waɗanda suka yi jinyar iyayensu ko mazajensu shekara da shekaru a gida. Ba su da takarda, amma sun san yadda ake lallashin wanda ya ƙi cin abinci, kuma ƙazanta ba ta firgita su. Haka masu shekara 45 zuwa sama da 'ya'yansu suka girma. Haka ɗaliban aikin jinya masu neman aikin ƙarshen mako, kodayake su an san ranar tafiyarsu. Rahoton OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe galibi masu arziki, na 2020 ya nuna kusan kashi 90 na masu wannan aiki mata ne. Ma'anarsa a aikace biyu ce: tsarin aikin dole ya yi la'akari da masu raino da masu kai yara makaranta, kuma akwai gurbin maza da ba a taɓa ba, ga shi tsofaffi maza da yawa sun fi sakewa namiji ya yi musu wanka.

Sauri yana da muhimmanci fiye da yadda manajoji ke zato. Mai neman wannan aiki yawanci ta nema a wuri uku ko huɗu a rana guda, kuma tana bukatar kuɗi a watan nan. A kira ta cikin kwana ɗaya ko biyu, a gana da ita cikin mako. Fom ɗin neman aiki ya zama wanda za a cike a waya cikin minti goma.

Ganawa da bincike

Ana iya koya wa mutum ɗaga mara lafiya cikin kwana biyu. Haƙuri da tausayi kuwa ba a koyar da su a aji, don haka su ake nema a ganawa. Tambayar “me ya sa kike son wannan aiki” ba ta da amfani, kowa ya haddace amsarta. A kawo yanayi na gaske a ji me za ta yi. Baba ya ƙi wanka kwana uku, yau ma ya ce ba ya yi, ga iyalinsa za su zo da rana: ya za ki yi? Wata tsohuwa mai cutar mantuwa tana kuka tana neman mahaifiyarta da ta rasu tun da daɗewa: me za ki ce mata? Kin ga abokiyar aikinki, wadda ta girme ki a wurin, ta finciki hannun wani tsoho: sai me? Kin tarar da ƙwayar magani a ƙasa kusa da gado: ina za ki kai ta?

A amsar farko ana son a ji ta nemi dalili, ko sanyi yake ji, ko kunya, ko ciwo, ta ba shi zaɓi, ta dawo an jima, ta sanar da nas. Wadda ta ce za ta kira wani su riƙe shi a yi a gama, an gama da ita. A ta biyu ana son wadda ba za ta dage sai ta tunatar da tsohuwa mutuwar ba, za ta zauna ta tambaye ta labarin uwar. A ta uku da ta huɗu amsa ɗaya ce: kai rahoto.

Mutum biyu su yi ganawar, ɗaya daga cikinsu mai yin aikin da hannunta. Tambayoyi iri ɗaya ga kowa, maki 1 zuwa 4 ga kowace amsa, kowa ya rubuta nasa kafin su tattauna. Bayan nan a zagaya da mai neman aikin cikin gida a lura: ta gaishe da tsofaffin ko ta wuce su kamar kujeru? Ta rusuna ta daidaita fuskarta da ta wanda ke kan keke, ko daga sama take masa magana? In hali ya yi, a gayyace ta ta bi wata ma'aikaciya na awa uku ko huɗu, da izinin mazauna, tana kallo ba ta taɓa kowa, kuma a biya ta lokacinta. Wadda ta janye bayan wannan ta yi muku alheri.

Bincike ba a tsallake shi komai matsin rashin hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito cewa a binciken da aka yi a gidajen kula, biyu cikin uku na ma'aikata sun amsa cewa sun aikata wani nau'in cin zarafi ga tsofaffi a cikin shekara guda. Da yawan wannan daga gajiya da ƙarancin hannu yake tasowa, amma akwai waɗanda tun farko bai kamata su kusanci mai rauni ba. A tabbatar da katin shaida, a nemi takardar rashin laifi daga hukumar da doka ta tanada, a duba takardun karatu daga inda aka bayar da su. A nemi shaida daga wurin aiki biyu, ɗaya ya zama na ƙarshe, kuma a kira lambar ofishin wurin, kada a tsaya ga lambar da mai nema ta rubuta, domin sau da yawa ta ɗan'uwa ce. Tambayar da ke fito da gaskiya ita ce: za ku sake ɗaukar ta, ku bar ta ita kaɗai da mai rauni cikin dare? Jinkirin amsa ma amsa ce. Duk giɓin da ke tarihin aikinta a tambaya, galibi haihuwa ce ko jinya, amma a ji daga bakinta.

Binciken na iya ɗaukar mako biyu zuwa shida, kuma a nan ake asarar mutane da yawa, saboda an yi shiru sun ɗauka an fasa. A riƙa kira duk mako. In doka ta yarda, a fara horon aji ana biya kafin takardu su iso.

Kwana 90 na farko

Ranar farko ta sabuwar ma'aikaciya kada ta faɗo ranar da aka rasa hannu. A shirya yunifom daidai jikinta, wurin ajiye kaya, sunanta a jadawali, da mutum ɗaya da aka ce shi zai tarbe ta a ƙofa. Mako biyun farko ba a lissafa ta cikin adadin masu duti. Wannan ita ce ƙa'idar da aka fi karyawa: wata ta kira ba ta da lafiya, sai a ce sabuwa ta riƙe ɗakuna shida, ai ta ga yadda ake yi. Daga ranar ta fara neman wani aikin.

A haɗa ta da jagora ɗaya, su riƙa yin duti tare aƙalla wata guda. Jagora ba lallai ta zama wadda ta fi daɗewa ba, wani lokaci ma wadda ta fi daɗewa ita ce ta fi iya yanke hanya. A zaɓi mai haƙurin bayani, a rage mata yawan mazaunan da take kula da su a lokacin, a ƙara mata wani abu a albashi. Jagorancin da ba a biya ba kaya ne aka ɗora wa mutum, kuma sabuwar ce za ta sha haushin.

Game da yawan horo, dokar tarayyar Amurka tun 1987 ta sa mafi ƙarancin awa 75 ga mataimakan nas a gidajen jinya, Ingila kuma ta fito da takardar shaidar kulawa a 2015 mai ma'auni 15 a lokacin. Waɗannan mafi ƙaranci ne. Abin da ya fi yawan awoyin muhimmanci shi ne jerin da aka bi. A fara da abin da zai iya raunata mutum a makon farko: ɗagawa da juyawa, wanke hannu, daƙiƙa 40 zuwa 60 da sabulu, 20 zuwa 30 da man tsabtace hannu, ba da abinci ga mai wahalar haɗiya, a zaune bayansa a miƙe, loma ƙarama, a bar shi a zaune kamar rabin awa bayan ya gama, duba fata a ƙugu da diddige da gindin baya don gyambon kwanciya, abin yi in mutum ya faɗi, wato kada a ɗaga shi kafin a duba shi, hanyar fita in gobara ta tashi, da wanda ake kai wa rahoton cin zarafi. Tarihin kamfani da manufofinsa su jira. Magani kuwa ba ta taɓa shi sai an horar da ita an kuma gan ta tana yi daidai, an sa hannu.

A zauna da ita a ƙarshen rana ta farko, da rana ta 7, ta 30, ta 60 da ta 90, minti goma sha biyar ya isa. Kada a tambaye ta “lafiya dai ko”, za ta ce lafiya lau. A tambaya: me kika tarar da ba a faɗa miki ba? Wane aiki ne har yanzu gabanki ke faɗuwa in an ce ki yi? Wa ya taimake ki, wa ya yi miki tsawa? Albashin farko ya zo daidai? Abin da ta faɗa a gyara ɗaya aƙalla cikin mako, ta gani da idonta.

Jadawalin aiki

In aka ce a zaɓi abu ɗaya da za a gyara ba tare da ƙarin kuɗi mai yawa ba, jadawali ne. Mai ƙaramin albashi rayuwarta a ɗaure take da mai raino, da motar haya, da lokacin tashin makaranta, wani lokaci da aiki na biyu. Jadawalin da ke fitowa ranar Juma'a don aikin Litinin yana rusa duk wannan. A fitar da shi mako huɗu kafin lokaci, in an fitar kuma kada a canza sai da yardar mai shi. Tsarin da ke maimaita kansa duk mako biyu ko huɗu ya fi, domin mutum zai iya sanin ranar hutunsa ta wata uku masu zuwa. A bar ma'aikata su yi musaya tsakaninsu, sharaɗin kawai shugabar sashe ta sani kuma ƙwarewar ta zo ɗaya.

Tsakanin tashi daga duti da komawa a bar aƙalla awa 11, wanda shi ne ma'aunin dokar lokutan aiki ta Tarayyar Turai ta 2003, tare da matsakaicin awa 48 a mako. Tashi ƙarfe goma na dare a dawo bakwai na safe bai kai ba, in aka cire tafiya da wanka da abinci barcin bai fi awa biyar ba, kuma kuskuren magani da faɗuwar tsofaffi a irin wannan safiya suke faruwa. Aikin dare kada ya wuce uku ko huɗu a jere, a bi shi da hutun kwana biyu. Dutin awa 12 wasu na son sa saboda yana ba da ranakun hutu da yawa, amma awoyinsa na ƙarshe haƙuri ya ƙare, kuma masu shekaru da masu ƙananan yara ba sa jure shi. Gidan da ke da dogo da gajere duka ya fi samun masu nema. Gajeren duti na awa huɗu ko biyar da safe, lokacin tashi da wanka da karin kumallo, yana sauke nauyi a daidai inda ya fi yawa, kuma ya dace da waɗanda ba za su iya cikakken aiki ba.

Lokacin miƙa aiki tsakanin masu tashi da masu karɓa, minti 15 zuwa 20, a sa shi cikin awoyin da ake biya. In ba a biya ba, ko dai a yi shi a tsaye a bakin ƙofa a manta da cewa Inna ba ta sha ruwa ba tun rana, ko a yi shi kyauta ana ƙunƙuni.

A daina juya ma'aikata daga sashe zuwa sashe kowane mako da sunan adalci. A ba kowace rukunin mazauna nata na dindindin. Wadda ta san tsoho wata shida ita ce za ta lura yau bai gama shayinsa ba, ko yana jan ƙafa, ko ruɗewarsa ta ƙaru farat ɗaya, abin da kan zama alamar ciwon mafitsara ko wata cuta tun kafin zazzaɓi ya bayyana. Mai cutar mantuwa kuma ya fi natsuwa da fuskar da ya saba. Ita ma'aikaciyar, shaƙuwar nan ce ke riƙe ta ranar da wani wuri ya yi mata tayin ƙari kaɗan. Inda ake samun matsala shi ne in rukuni ɗaya ya tara masu nauyi duka, don haka a riƙa auna nauyin rukunai duk wata, a kuma saurari wadda ta ce ita da wane jininsu bai haɗu ba. Ƙungiyar jinyar mutane a gidajensu mai suna Buurtzorg da Jos de Blok ya kafa a Holan a 2006 ta kai wannan tunani nesa: ƙananan tawagogi da ba su wuce mutum 12 ba, kowace da unguwarta, su ke tsara jadawalinsu da kansu. Ba kowane wuri ne zai iya haka ba, amma ko ba da dama a zaɓi ranakun hutu ma wani abu ne.

Don ranar da wani ya kwanta ciwo, ku tara naku 'yan cike gurbi: tsofaffin ma'aikatan da suka rage aiki, ɗalibai, masu son 'yan awoyi. Ma'aikatan haya daga kamfani sun fi tsada, ba su san mazauna ba, kuma ba abin da ke ɓata ran ma'aikaciyar gida kamar ta ga baƙuwar da take nuna wa inda tawul yake ta fi ta kuɗin awa.

Kuɗi

Ba a rufe ƙaramin albashi da kalaman yabo. Rahoton OECD ɗin nan ya nuna masu kula da tsofaffi na samun ƙasa da takwarorinsu masu aiki iri ɗaya a asibiti da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma Ostireliya sai da hukumar ƙayyade albashinta ta yi ƙarin kashi 15 ga masu kulawa kai tsaye a 2023. Abokan gasarku ba sauran gidajen tsofaffi kaɗai ba ne, har da kantuna da otal da masana'antu, inda ba a ɗaga kowa kuma ba mai mutuwa a hannunka. Ku san abin da suke biya.

Ko ba a iya ƙari ba, a biya ran da aka ce, a biya daidai, da takardar da ke nuna awoyi da abin da aka cire. In an yi kuskure a gyara cikin kwana biyu, kada a ce sai wata mai zuwa. A yi matakai: ƙari bayan gwaji, ƙari bayan kammala wani horo, matsayin babbar mai kulawa, jagora, mai kula da sashen masu mantuwa. In wadda ta shekara takwas da wadda ta zo jiya kuɗinsu ɗaya, ta shekara takwas ɗin ta san abin da ake nufi. Kyautar kuɗi ga sababbi don sun karɓi aiki tana jawo masu tsalle daga wuri zuwa wuri, tana kuma ɓata wa na ciki rai, gara a kashe kuɗin a kan waɗanda suka zauna. Masu zagayen gidaje kuma a biya su lokacin tafiya da kuɗin mota, in ba haka ba awa takwas a waje ta koma biyar a takarda.

Baya, duka, da mutuwa

Ciwon baya na fitar da ƙwararru daga wannan aiki tun da sauran ƙarfinsu. NIOSH, cibiyar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, ta ba da shawarar kada mai jinya ya ɗauki fiye da kimanin kilo 16 na nauyin majiyyaci da hannu, kuma ƙafar babban mutum ɗaya ma na iya kusantar haka. Saboda haka na'urar ɗagawa, da zanen santsi na jan mutum a gado, da gado mai hawa da sauka, kayan aiki ne na dole. Abin da ke faruwa shi ne a sayi na'ura ɗaya a ajiye a wani bene, batirinta ba caji, majanyinta ba girman da ya dace, sai ma'aikata su ce bari mu ɗaga kawai. A sa wa wani alhakin caji da dubawa kowane dare, kuma aikin da aka rubuta na mutum biyu ne kada a bar wa ɗaya.

Mai cutar mantuwa na iya duka, ko cizo, ko zagi, ko taɓa jikin ma'aikaciya. Ba da gangan yake yi ba, amma zafin dukan ɗaya ne. Kada a ce mata ai aikin ya gada. A rubuta abin da ya faru, a duba abin da ya tayar da shi, ciwo ne, ko hayaniya, ko an zo masa ta baya, a canza tsarin kula da shi, a ba ta damar hutawa daga ɗakin. 'Yan'uwan mazauna masu zagi ko wulaƙanci kuwa manaja ne zai tare su da kansa. Ma'aikata na kallon wanda za a goya wa baya a irin wannan rana, kuma ba sa mantawa.

In mazauni ya rasu, a sanar da wadda ta saba kula da shi ko tana hutu, kada ta dawo ta tarar da baƙo a gadon. A ba ta dama ta yi wa iyali ta'aziyya. Sabuwar da ba ta taɓa ganin fitar rai ba kada a bar ta ita kaɗai a ɗakin.

Duk waɗannan a hannun shugabar sashe suke, kuma yawanci an ɗaga ta ne don ta iya kulawa, ba wanda ya koya mata shugabanci. A koya mata yadda ake gyara wa mutum kuskure a keɓe, yadda ake raba aiki, yadda ake karɓar rahoton kuskure ba tare da tozarci ba. Inda ake hukunta wadda ta ce na manta ban ba da magani ba, ba a daina mantuwa, faɗa ake dainawa. Kowace ma'aikaciya ta samu zama da shugabarta duk mako shida zuwa takwas. In lissafin masu tafiya ya nuna sashe ɗaya ne ke zubar da mutane, a duba shugabar kafin a zargi masu tafiya.

Masu zuwa daga wata ƙasa, da masu kwana a gidan tsoho

Ƙasashe da yawa sun dogara da baƙi, Japan ma ta buɗe sabuwar bizar ƙwararrun ma'aikata a 2019 da ta haɗa da kula da tsofaffi. Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1997, ta kafa ƙa'idar cewa kamfanin samar da aiki ba ya karɓar kuɗi daga hannun ma'aikaci. Ku tambayi kowace baƙuwa, a keɓe, ko ta biya dillali, domin wadda ta zo da bashi a wuya ba ta iya ƙorafi ko ta ga ana cutar da tsoho. Ba a riƙe fasfo. Kwantiragi ya kasance cikin harshen da take ji, kafin ta baro gida. In akwai sharaɗin mayar da kuɗin tafiya ga wadda ta bar aiki da wuri, ya zama kuɗin da aka kashe na gaskiya, yana raguwa wata bayan wata. Mai kwana a gidan wanda take kula da shi kuma tana bukatar ɗakinta, da awoyin da aka rubuta na aiki da na hutu. Yarjejeniya ta 189 ta 2011 ta tanadi hutun aƙalla awa 24 a jere kowane mako. In tsoho na tashi sau uku ko huɗu cikin dare, aikin ya zama na mutum biyu.

In ta ce za ta tafi

Kada a jira takardar ajiye aiki kafin a tambayi mutum abin da ke damunsa. Sau biyu a shekara a tambayi waɗanda ke nan: me zai sa ki tafi, me ke riƙe ki? Alamun mai shirin tafiya sanannu ne, yawan neman uzuri kwana ɗaya ɗaya, daina magana a taro, ƙin karɓar ƙarin duti ga wadda da take karɓa. A lokacin ake zama da ita, domin wani sa'in abin da take bukata bai wuce sauya ranaku biyu ko rage awoyi na wata uku ba.

In ta riga ta yanke, wani dabam ya yi hirar bankwana da ita, ban da shugabarta, kuma an fi samun gaskiya in aka kira ta a waya bayan mako biyu ko uku da tafiya. A biya ta haƙƙinta cif, a ba ta takardar shaida ba ja-in-ja, a tambaye ta ko za a sa sunanta cikin 'yan cike gurbi. Bayan wata uku a sake kiran waɗanda aka ji zafin rabuwa da su. Wasu sun tarar sabon wurin bai kai yadda aka faɗa musu ba, kuma mai dawowa ba ta bukatar jagora ko zagayen gida, sai dai a sabunta bincikenta da horon da ya ƙare wa'adi.